Filogin da Na Zare

Zuwa ga 'yata, Injiniyar gidanmu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kin isa lafiya, gajiyar hanya ta sake ki. Uwarki tana gaishe ki. Hannunta da ya shanye ya ɗan motsa jiya, har ta riƙe cokali da kanta. Ni lafiyata ƙalau, sai kunya, ita kuwa na duba kemis ba su sayar da maganinta.

Kin tafi ba ki yi mini faɗa ba, to bari in yi wa kaina, da wannan rubutu nawa na wanda ya gudu daga aji huɗu.

Ranar da kika zaunar da ni kina bayyana mini aikinki, da na rufe bakina da na tsira. Kin ce bayanan marasa lafiya ne jibgi guda a wannan abu naku XML, kowane ɗaya a ƙunshe, da alamar buɗewa da ta rufewa. Kin ce manhajar ba ta ɗaukar su duka, sai ta tambaya ko akwai na gaba, a miƙo mata, ta gyara shi, ta sake tambaya, har a ce babu. Ni kuma na ce ashe degirinki na bin layi ne, ni da na yi shekaru ina yi a banki kyauta. Kin yi dariya. Ina cikin jin daɗin dariyar ne kika faɗi sauran, wanda sai yanzu nake tunowa: cewa ba ta san inda ta kwana ba, ba ta komawa baya, ba ta faɗawa tsakiya, kuma batirin kwamfutarki ya mutu.

Soket ɗaya ne a falo, kin sani. Kina ɗaki kina yi wa uwarki tausa, ni ina son guge riga. Na leƙa allon na ga baƙi ne kawai da rubutu yana gudu, ba hoto ba komai, na ce ai wannan hutawa take yi. Na zare filoginta, na sa dutsen guga.

Da kika fito kika tsaya, har na ba ki shawara, wai ki kunna ta ci gaba daga inda ta tsaya kamar kaset. Allah ya shirye ni. Ashe kwana biyu ke nan manhajar tana bi ɗaya bayan ɗaya, da yammar ranar ake jiran aikin, ga shi sai an koma kan na farko.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne izinin nan da kika sha wahala kafin oganki ya ba ki, na zuwa gida kina aiki daga nan saboda uwarki. Ki turo mini lambarsa. Zan gaya masa kwamfutar ba ta yi laifi ba, ke ba ki yi ba, wani tsoho ne mai son riga ba tamoji.

Ki ci abinci don Allah.

Naki,
Babanki, Sarkin Guga

*

'Yata,

Ina gaishe ki da aiki, ya jiki, ya zaman kaɗaici? Mu muna nan yadda kika sani.

Saƙonki ya iso. Na gode da kika ce kin yafe, ko da yake layi biyu ne, kuma na ga ba ki turo lambar ba. Kin kyauta. Da na kira shi wataƙila da na fara da barkwanci, a kore ki gaba ɗaya.

To an janye izinin ke nan, sai hutun ƙarshen shekara. Kin rubuta cewa ke ma da laifinki, da kin sa manhajar ta riƙa ajiye alamar inda ta kai da ba a yi asarar komai ba. Kada ki ɗauke mini kayana, yarinya. Hannuna ne, na san shi.

Na kira mai gyaran wuta ya sa soket biyu a ɗakinki, na liƙa takarda a sama na rubuta KADA BABA YA TAƁA. Mutumin ya karanta ya dube ni, ya tambaya ko baban yana da rikicin tsufa ne. Na ce sosai ma, kuma da shi yake magana.

Na yi ta juya yadda zan gaya wa uwarki. Na shirya ƙarya mai kyau, cewa an ƙara miki girma ne shi ya sa ba za su iya rabuwa da ke ba. Na shiga na fara, ta dube ni da idon nan nata, na ji bakina ya faɗi gaskiya shi kaɗai. Ba ta zage ni ba. Da ma ta zaga.

Tun tafiyarki, kullum da la'asar sai na fitar mata da kujera bakin ƙofa, inda take hango kwanar da motarku ke tsayawa. Yau na ɗauko kujerar, sai ta ce: “Bar ta ciki, Malam.”

Na tsaya riƙe da kujera ina neman abin da zan faɗa ta yi dariya. Ƙarshe dai na mayar da kujerar ciki.

Ki kira ta ranar da kika samu sarari. Ba sai kin ce a ba ni wayar ba.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki