Ranar da Aka Hana Mai Take Tashi

Zuwa ga mahaifina, Baba Mai Gurumi na Madawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ɗiya ga ubanta, ina fatan Allah ya sa kana cikin rahama, kai da Inna. Ni ce Rakiya, daga Liyon ta ƙasar Faransa. Lafiyata lau, jikokinka suna zuwa lakwal karatu, aikin asibiti kuma yana tafiya. Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Maganar Rabe ce, autanka, wanda ka bar wa gurumi. So yake in rera masa taken Inna ya sa a sabon faifansa, don ya san duk duniya ba wanda ya riƙe taken nan sai ni. Ya hana wayata sakat. Kafin in faɗa maka amsar da na ba shi, bari ka ji abin da idona ya gani.

Kai ka koya mana cewa take kiɗan mutum guda ne, nasa shi kaɗai. Kana zaune bakin tasha, in ka hango mai shi sai ka juya hannu ka taɓa masa. Duk abin da yake yi zai ajiye ya miƙe, ya yi kirari in mai kirari ne, ya zo ya manna maka abin da ya samu a goshi. Ina jin muryarka har yanzu kana cewa, "Ba na kaɗa wa mutum takensa a bayan idonsa, kiransa nake yi."

Na Inna kuwa ko ƙofar gida bai taɓa fita ba. Sai ta yi fushi ta juya maka baya tana tankaɗe, ka zauna kan turmi ka fara a hankali. Ta daure, ta daure, can sai ka ga kafaɗarta ta motsa, ta ce ka tashi mata daga kan turmi. Ni ina gefe ina ta dariya. Rabe yana goye a lokacin, kuma tun da ta rasu ba ka sake taɓa taken ba.

To, ɗanka ya zama babban mutum a ƙasar Faransa. Ya haɗu da wasu makaɗa da ke yawon wasa gari gari, suna kiran abin da suke yi kiɗan tushe. Akwai mai goge daga Ailan, da wata mai molo mai tsirkiya da yawa, da wani dattijo daga Biretan, can bakin teku, mai busa algaita da salka a hammata. Ban raina su ba, sun iya abinsu. Abin da suka mai da ɗanka, da abin da ya yarda ya zama, shi ne ya tsaya mini a wuya.

Wasan farko da na je nan Liyon aka yi shi. Da na ga hotonsa a bango ban gane shi ba. Ya naɗa rawani har hanci kamar Buzu, shi da ko hula ba ta zama a kansa. Ƙyallen ma tare muka saye shi a wani kanti a unguwar Giyotiyar, ya ce mini labule zai yi. Ya hau dandamali ba takalmi, Baba. Yaron da ya yi kwana biyu bai ci tuwo ba don ka ƙi saya masa takalmin ƙwallo, shi ne yau yake nuna wa Turawa tafin ƙafarsa, wai haka muke a gida.

Wani mai gashi ɗaure a ƙeya ya riƙe makirfo ya gabatar da shi. Ya ce wannan kiɗa ya fito daga zuciyar hamada, ya girmi tarihi, ba wanda ya san wanda ya ƙirƙire shi. Ina zaune ina jinsa. Kiɗan da ka tsara a gabana gindin dogon yaro, kana korar awakin maƙwabta da ƙafa, shi ne ba a san mai shi ba. Rabe yana tsaye yana gyaɗa kai.

Ka san abin da ya fi ba ni haushi? In dattijon nan ya busa algaitarsu, sai ka ga duk sun miƙe, tsoho da yaro, sun sarƙe ƙananan yatsu sun yi da'ira, suna dukan ƙasa da ƙafa har katako yana amsawa. Ashe sun san kiɗa na tayar da mutum. Amma da an taɓa gurumi sai kowa ya koma kujera, ya lumshe ido, ya karkata kai kamar mai jiran allura. Wata a kusa da ni har da hawaye. Taken Tanko mahauci ne fa ake kaɗawa, wanda ka yi masa don tsiya ranar da bijimi ya kore shi har cikin masallaci.

Ranar na ƙyale shi. Na ce yaro abincinsa yake nema, kuma Tanko ya daɗe a ƙasa, ba zai ji ba.

Sai aka zo wasan birnin Pari. Masu shirya abin suka ce wa Rabe suna son a ga 'yan ƙasarsa a cikin jama'a, hoton zai fi kyau. Shi da kansa ya kai tikiti gidan ma'aikata na unguwar Mantarai, inda tsofaffinmu ke zaune. Cikin waɗanda suka karɓa har da Baba Isuhu.

Ka tuna shi, Isuhu ɗan kokawa, wanda ya yi shekaru bayansa bai taɓa ƙasa ba a duk yankinmu. Ya zo nan tun ina ƙarama, ya ƙarar da ƙarfinsa a wankin tukwanen gidajen abinci. Yanzu sai da sanda yake tafiya. Ranar ya sa babbar rigarsa ta Salla, ya sha turare, ya zauna kusa da ni yana ta tambayata labarin gida.

A takardar da aka raba mana an rubuta sunayen kiɗan da Faransanci. Ɗaya an sa masa wai waƙar lallashin jariri a zangon ayari. Rabe ya sunkuya ya taɓa tsirkiya, mai goge ta bi shi a hankali, ni kuwa nan take na gane shi. Taken Baba Isuhu ne. An rage masa gudu, an shafa masa mai, amma shi ne.

Baba, tsohon nan ya miƙe. Sandar ta faɗi bai ko dube ta ba. Ya ɗaga hannun dama sama, ya buɗe murya ya yi kirarinsa na fage, muryar tana rawa amma kalma ko ɗaya bai manta ba. Ya sa hannu a aljihu ya nufi dandamali. Na rantse maka tafiyar ba ta mai ciwon gwiwa ba ce.

Sai ɗakin ya ɗauki shiii, shiii, ta ko'ina. Masu ƙaunar kiɗan tushe ke nan, an katse musu barci. Wani ya ce a fitar da mashayin nan. Ƙarti biyu masu gadi suka zo suka kama shi ta damtse, mutumin da a zamaninsa ba mai iya riƙe damtsen nan. Dattijon mai algaita ya cire bakinsa daga busa ya dubi Rabe, alamar ko a tsaya. Baƙo ma ya gane akwai magana. Ɗanka ya buɗe ido, suka haɗa ido da Baba Isuhu, ya mai da idonsa ya rufe, ya ci gaba da kaɗawa.

Na ɗauki sandar na bi su waje. Rana ba ta ma faɗi ba, mutane suna ta wucewa da burodinsu. Na same shi jingine da bango yana gyara hula. Shi ya riga ni magana.

"Ɗiyata, ba komi. Ni na ɗauka kirana aka yi."

Ya damƙa mini kuɗin da ke hannunsa ya ce in kai wa yaron, don shi bai taɓa jin takensa ya tahi bai ba da komi ba. Na raka shi har bakin metiro, tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Da na kai wa Rabe saƙon, ce mini ya yi in gane nan ba Madawa ba ce, ana ɗaukar sauti ranar, kuma kwangila ce. Wai ransa ya ɓaci shi ma. Amma ka ji ƙarshen rashin kunya. Ya ce da ya yi wa mai gashin ƙeya bayani daga baya, abin ya burge shi ƙwarai. Suna so a wasa na gaba a kawo tsohon, a yi gwaji tukuna, a nuna masa daidai inda zai miƙe, a haska masa fitila. Har za su biya shi. Rabe yana gaya mini wannan yana murna, wai an gyara.

A wannan zaman ne ya roƙe ni taken Inna. Ya ce faifan yana bukatar abu mai taushi, abin uwa, Turawa suna son irin wannan. Har ya riga ya zaɓa masa suna.

Jiya na kira shi na ce a'a. Ya ce ni ba makaɗiya ba ce, riƙo kawai nake yi, gadonsa ne. Ya ce in na mutu da shi na kashe shi, kuma alhakin yana wuyana. Ban musa ba, don gaskiya ya faɗa. Na ce masa mai taken ba ta nan balle ta tashi, kuma na ga abin da yake yi wa masu tashi. Ya kashe waya.

Baba, ban ji daɗi ba, kada ka ɗauka na ji. Ɗan'uwana ne, ni na goye shi. Hannunsa naka ne sak, wani lokaci in na rufe ido sai in ji kamar kai ne, shi ya sa abin yake ci na. Kuma akwai abin da ban gaya masa ba. Kwanan baya ina wanke-wanke na ɗauko taken a hanci, na zo tsakiya, wurin da kake sauke hannu kafin ka koma sama, sai na tsaya. Na sake daga farko, na sake tsayawa a wurin. Taken ya fara guje mini, Baba. Da na ba Rabe, da ya cike gurbin da nasa ya ajiye shi har abada. Na zaɓi in bar shi ya bi ku. In kuskure na yi, ka yafe mini, ka kuma ba Inna haƙuri.

Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka da nata. Allah ya ba Baba Isuhu lafiya, ya sa ƙarshensa ya yi kyau. Rabe kuma Allah ya shirye shi, ya sa wata rana ya gane waɗanda yake kira. Mu da muka rage Allah ya sa mu cika da imani.

Wassalam.

Ɗiyarka mai kewarka,
Rakiya