Shafina da Shafin Auta

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara baki ɗaya. Yaya aiki, yaya kuma gwiwar da ka ce tana hana ka hawa bene? Allah ya ƙara sauƙi, ya tsare mana ku a inda kuke. Mu nan lafiya lau. Hawan jinin Mama ya lafa tun da likita ya canza mata ƙwaya, sai dai har yau ba ta yarda a ɗauke kujerar Baba daga bakin taga ba, kullum sai ta goge ta. Maigidana ya koma aiki bayan hutun da ya ɗauka, babbar 'yata kuma ta ci jarrabawar da muka yi ta fargaba. Kawu direba ya sayar da tsohuwar motarsa a ƙarshe, yanzu kullum yana gidan Mama yana ba ta labarin yadda aka cuce shi a cinikin.

Yaya, na zaɓi takarda ne domin a waya kullum cikin sauri kake, ni kuma in na fara wannan magana da baki muryata ba za ta kai ni ƙarshe ba. Na san ka ga abin da na rubuta a ƙarƙashin shafin Auta ranar Talatar da ta wuce, kuma tun ranar ba ka kira ni ba. Ban ga laifinka ba. Amma kafin ka yanke min hukunci ina so ka ji yadda abin ya faro, daga bakina.

Ka tuna ƙungiyar nan da ta riƙa biya wa Baba rabin kuɗin magani a watanninsa na ƙarshe. Duk shekara suna shirya tattaki na kilomita goma, kowane mai tafiya ya buɗe shafi a intanet, jama'a su sa gudummawa da sunansa, kuɗin ya tafi ga masu ciwon daji. Ni na fara ganin sanarwar, a manne a allon asibiti, ranar da na je mayar da keken guragun da suka ara mana. Ni na fara yin rajista. Kwana uku na yi ina tsara abin da zan rubuta a shafina, a ofishin makaranta, duk lokacin da shugaba ya fita. Na rubuta sunan ciwon, da tsawon jinyar, da abin da ƙungiyar ta yi mana, komai a tsare kamar yadda nake rubuta takardun aiki. Ka san ba a banza Baba yake kirana Akawu ba. Cikin mako guda mutum goma sha ɗaya suka sa min wani abu: malamai biyar, maƙwabciyata mai ɗinki, maigidana, da wasu ƙawaye. Na ji daɗi, wallahi. Har na nuna wa Auta a wayata, na ce ta zo mu yi tafiyar tare.

Washegari ita ma ta buɗe nata. Layi huɗu kacal ta rubuta, sai hoto ɗaya: hannun Baba a kan zanen gadon asibiti, duk ya rame, wani hannu yana riƙe da shi. Ka san Auta da jama'a a waya, dubbai ke bin ta saboda bidiyon kwalliyar da take yi. Kafin kwana biyu ta ninka abin da na tara sau ashirin. Mutanen da ba su taɓa ganin Baba ba suna ta rubuta cewa Allah ya yi wa wannan hannu albarka, Allah ya ba su 'ya irinta. Yaya, hannuna ne. Ita ta ɗauki hoton, a zuwanta na uku cikin wata goma sha huɗu, ta yanke fuskata daga ciki. Ba ta ce hannunta ba ne, wannan gaskiya ne, amma ba ta ce ba nata ba ne. Kuma tabon yana nan a wuyan hannun ƙarara, tabon da ka yi min da dutsen guga muna yara. Na ce ko duniya duka ba ta gane ba, kai za ka gane.

Sai ga sunanka a shafinta, da gudummawa mafi tsoka a cikin duka, da rubutunka a ƙasa cewa Allah ya saka wa ƙanwarka da ta tsaya wa Baba. Na karanta shi ina tsaye a gaban injin kwafi, takardun jarrabawa suna ta fitowa suna zubewa ƙasa ban sani ba. Na koma nawa shafin na duba, na sake dubawa, ko ka sa wani abu ban lura ba. Tun farko na turo maka shi, ka amsa da hoton babban yatsa. Ba kuɗin ba ne ya dame ni, duk asusu ɗaya suke tafiya. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne, ni na san yadda ake juya Baba a gado ba tare da ya yi ƙara ba. Ni na san wane cokali ne ba ya sa shi amai. Ni na bar ƙarin girma ya wuce ni a wurin aiki saboda yawan neman izini. Ban taɓa yi wa kowa gori ba, ban kuma yi don a yaba min ba. Haka nake gaya wa kaina, har ranar da na ga ana yaba wa wata.

Daga nan na zama wata iri. Ina tashi da safe abin da nake fara dubawa shafin Auta ne, ba nawa ba. Ina tsakar wanke-wanke sai in goge hannu in duba ko nata ya ƙaru. Kowane sabon suna kamar an mintsine ni. Maigidana ya lura, ya ce in ajiye wayar nan, ai duk don Baba ake yi, na ce masa shi me ya sani. Ranar da gidan rediyo ya kira Auta hira, Mama ta ƙure muryar rediyon tana kuka tana cewa ashe Auta ta girma, ni kuwa ina durƙushe a gabanta ina gwada mata jini.

Ranar Alhamis da rana, a ofis, na buɗe sabon suna a manhajar da shafukan suke, ba hoto, ba komai. Na rubuta a ƙarƙashin shafinta cewa wa ya tabbatar kuɗin nan suna isa ga marasa lafiya, kuma me ya sa mai shafin ta canza waya a makon nan. Layi biyu ne. Na san kuɗin ba sa bi ta hannunta ko kaɗan, kai tsaye suke shiga asusun ƙungiya. Na san wayar ma tun bara take biyan ta kaɗan-kaɗan. Na sani sarai, na kuma danna. Na zaci mutum biyu ko uku za su gani, ta ɗan ji abin da nake ji, shi ke nan.

Kafin a tashi aiki mutum sama da ɗari sun ɗauka. Wani ya ce shi dama ya yi zargi. Wata ta ce an taɓa damfarar ta da hoton mara lafiya, ba za a sake ba. Aka fara neman a mayar da kuɗi. Wani ya ɗauko hoton Auta a wurin cin abinci ya liƙa kusa da hannun Baba, ya rubuta ɓarauniya. Abin bai tsaya kanta ba, har shafukan sauran masu tattakin gudummawa ta tsaya cak, domin mutane sun ce duk tafiyarsu ɗaya. Kamfanin man shafawar da take yi wa talla ya dakatar da ita.

Ranar Asabar da safe ta zo gidana ba kwalliya, idanu sun kumbura. Ta zauna a ƙasa a kicin kamar lokacin da take ƙarama, ta ce Yaya Akawu ki taimake ni, ke kika san takardu, ni ban san ta inda zan fara ba. Ta ce ita ba zagin ne ya fi ƙona ta ba, a ce ta ci kuɗi da hannun Baba. Na ba ta ruwa, na rarrashe ta, da wannan bakin nawa na ce Allah ya isa tsakaninta da wanda ya fara. Ranar Litinin na raka ta ofishin ƙungiyar, ɗaki biyu ne a saman wani kantin magani. Ma'ajiyarsu, wata dattijuwa da ita ma ciwon ya ci mata nono ɗaya, ta fito mana da komai: takardar rajista, bayanin banki, rasit na asibitoci. Ni na tsara su, ni na nuna wa Auta wanda za ta fara ɗorawa da abin da za ta rubuta. Muna shirin fita dattijuwar ta ce mana shekara tara suka yi suna lallaɓa mutane su yarda da su, ga shi layi biyu sun kusa rushe shi. Ta ce akwai mata uku da aka ɗage musu ƙarin ruwan magani a makon, domin ba su da tabbacin abin da zai shigo. Na riƙe ƙarfen bene da kyau muna saukowa.

Da takardun suka fita, jama'a suka juyo. Masu zagi suka koma ba da haƙuri, gudummawa ta ninka ta da. Auta ta zama wadda aka zalunta ta yi haƙuri, har ƙungiyar ta ce ita za ta riƙe tuta a gaba. Zan so in ce maka na yi murna tsantsa. Na ji sauƙi saboda matan nan uku, amma da na ga sunanta a sabuwar sanarwa, abin nan ya sake taso min. Wato ko sharrin da na yi mata, ita ya ƙara wa.

Ranar tattaki aka ba mu riguna iri ɗaya. Auta ta ƙi tsayawa a gaba, ta ba wata tutar, ta dawo baya ta riƙe hannuna, ta ce da ni za ta yi tafiyar. Wannan ne na kasa ɗauka. Mun wuce kilomita shida, daidai teburin da ake raba ruwa kusa da wani gidan mai, na gaya mata ni ce. Da farko ba ta gane ba, ta tambaye ni ni ce me. Da ta gane, ba ta yi ihu ba, ba ta zage ni ba. Ta saki hannuna, ta ajiye robar ruwan a kan teburin a hankali, ta ci gaba da tafiya. Na ƙarasa kilomita huɗun ina hango bayanta.

Kwana biyar bayan haka muka haɗu a gidan Mama. Ta ja ni baranda, ta ce abu biyu za ta faɗa. Na farko, in koma shafin in rubuta da sunana na gaskiya cewa ƙarya na yi, ba don ita ba, don har yanzu akwai masu shakkar ƙungiyar. Na biyu, ta ce ko na san me ya sa ta daina zuwa asibiti? Duk zuwan da ta yi, da Baba ya buɗe ido ya gan ta sai ya waiga ya ce ina Akawu. Ta ce a zuwanta na ƙarshe ta miƙa masa ruwa ya kau da kai, sai da na karɓi kofin ya sha. Ta ce ta yanke fuskokinmu ne don ba ta iya kallon yadda yake kallona a hoton. Ban taɓa sanin wannan ba, Yaya. Ina can ina ƙirga mabiyanta, ashe ita ma tana da abin da take ƙirgawa.

Na rubuta, shi ne wanda ka gani. Zagin da aka yi mata yanzu ni ake yi wa, kuma na cancanta. Biyu daga cikin malaman da suka sa min gudummawa sun daina shigowa ofishina. Auta tana amsa gaisuwata, amma ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban matsa mata ba. Mama ba ta sani ba tukuna, don Allah kada ka gaya mata ta waya. Kuma ba zan yi maka ƙarya in ce zuciyata ta wanke tas ba. Jiya na ga an sa Auta a kwamitin shekara mai zuwa, sai da na kife wayar na yi istigfari. Ina fama, ka sa ni a addu'a.

Ba sulhu nake so ka shiga ba, wannan tsakanina da ita ne. Kada kuma ka aiko da komai, an rufe shafukan. Abu ɗaya nake roƙo. Tun da Baba ya rasu, kowa ya tambaye ni yadda ya cika, da abin da ya ce, da inda takardun gida suke. Ba wanda ya taɓa tambayata yadda wata goma sha huɗun nan suka kasance min. In fushinka ya sauka, ka kira ni ranar da ba ka da sauri, ka tambaye ni. Ina da abubuwa da yawa da ban gaya wa kowa ba, wasu ma na dariya ne, domin Baba bai daina tsokana ba har ƙarshe.

Ka gaishe min da Anti sosai, ka ce mata na gode da maganin gwiwar da ta aiko wa Mama. Ka shafa min kan 'yan biyu, ka ce wa 'yarka Lauya ƙarama ina nan ina jiran wasiƙar da ta yi min alkawari. Mama tana sa muku albarka, Kawu direba yana gaisuwa, maigidana da yara ma haka. Allah ya jiƙan Baba, ya ba duk masu fama da wannan ciwo lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka, mai laifi amma taka ce,
Akawu