A Sako wa Saloma Mijinta Kafin Maimai

Daga:
Uwargida Saloma Dawuda,
ta hannun Joyce Michael,
Sakatariyar Zumuntar Mata,
Rikoto, Zuru, Jihar Kebbi.

13 ga Yuli, 2020.

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaba,
Kwamitin Kula da Cibiyar Killace Masu Korona ta Gangaren Tsamiya,
Zuru.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: RIƘE LAFIYAYYEN MUTUM KWANA ASHIRIN DA TAKWAS, DA BARIN MARAR LAFIYA A GIDA

Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan Allah ya ƙara maka basira a wannan aiki mai nauyi, ina rubuto wannan takarda ne a madadin Uwargida Saloma Dawuda, mai sana'ar daddawa, 'yar shekara hamsin da tara. Ita ba ta yi boko ba. Ta zauna a kan turmi a tsakar gidanta tana faɗa, rabi da Hausa rabi da C'lela, ni kuma ina kan benci can nesa da takunkumi ina rubutawa. Inda kalamanta suka yi wa takardar hukuma zafi, na sassauta su.

Mijinta shi ne Saje Dawuda Sila mai ritaya, tsohon soja, wanda ke hannunku tun ranar 15 ga Yuni. Da farko tana so a sani cewa ba ta cikin masu cewa korona ƙarya ce. Ta ji ta a jikinta. Ƙorafinta shi ne ita ta yi ciwon, wani kuma yake cin jinyar.

1. A ranar Asabar 30 ga Mayu, Saje Dawuda ya je jana'izar wani abokin aikinsa a Kanya. Ya dawo garau. Ranar 5 ga Yuni sai Saloma ta tashi da ɗan zazzaɓi, da tari, da ciwon gaɓoɓi. Ba ciwon kwanciya ba ne, domin ta ci gaba da dafa kalwarta. Abin da ya tsorata ta shi ne ranar da ta buɗe kwandon kalwa mai kwana uku, ta sa hanci, ba ta ji komai ba. Ranka ya daɗe, kalwa mai kwana uku aba ce da maƙwabta ke shaida ta daga bayan katanga.

2. Ranar Talata 9 ga Yuni ma'aikatanku huɗu suka zo cikin fararen kaya, kai ka ce zuma za su ɗiba. Suka ce an samu mai cutar cikin waɗanda suka halarci jana'izar, kuma sunan Saje yana cikin takardarsu. Suka zura masa tsinken auduga a hanci. Saloma ta matso ta ce ita ce ba ta da lafiya, ta yi tari a gabansu, ba don nuni ba. Ɗayansu ya saita mata wata 'yar bindigar auna zafi a goshi, ya ce jikinta daidai yake. Ta shaida masa ta sha farasitamol da safe. Ya ce sunanta ba ya cikin takarda. Ta tambaye shi ko cutar tana duba takarda kafin ta shiga mutum. Ya ce shi dai aikinsa yake yi.

3. Ranar Litinin 15 ga Yuni, motarku ta shigo unguwa da jiniya, ba ta sami Saje a gida ba, ta bi shi har gona. Shaidu sun tabbatar an tarar da shi yana noman fari, ya gama kunya goma sha ɗaya, yana rera waƙar fareti. Aka ce masa sakamako ya nuna yana ɗauke da cutar. Ya ce shi ko atishawa bai yi ba. Aka yi masa bayani cewa akwai masu ɗauke da ita ba tare da wata alama ba, kuma suna iya shafa wa wasu. Saloma ta yarda da wannan bayani ɗari bisa ɗari, domin ta san wanda ya kawo mata tsarabar Kanya. Abin da ba ta gane ba shi ne amfanin jiniya ga mutumin da ya shiga mota da ƙafarsa, har ya taimaka wajen tura ta da ta maƙale a laka.

4. A ranar dai, wasu ma'aikatan suka zo feshi. Sun fesa ƙofa, sun fesa kujeru, sun fesa kare. Sannan suka shiga ɗakin daddawa suka yi wa kwanduna shida wanka. Kalwar nan ita ta tsinci ɗorawarta tun bazara, ita ta dafa, ita ta sussuke. Duk an zubar a rami. Aka umarce ta ta zauna a gida kwana goma sha huɗu, ta zauna. Babu wanda ya dawo ya ga ko tana numfashi, in ban da Ujunwa mai shagon kayan masarufi, wadda take miƙo mata abinci ta kan katanga a bakin sanda.

5. Sai ranar 22 ga Yuni, bayan Zumuntar Mata ta yi ta sintiri a ofishinku, aka zo aka yi mata gwaji. Lokacin zazzaɓin ya riga ya gaji ya tafi. Yau kwana ashirin da ɗaya ke nan babu sakamako. An ce yana hanya. Saloma tana tambaya ko da ƙafa yake zuwa.

6. Wannan shi ne babban abin da ya sa aka ɗauko biro. An ce za a riƙe Saje kwana goma sha huɗu. Sun cika ranar 29 ga Yuni. Aka sake yi masa gwaji ranar 1 ga Yuli, aka ce sai sakamako ya fito za a sallame shi, kuma shi ma yana hanya. A kwanakin farko yakan buga mata waya sau uku a yini yana cewa a fitar da shi. Daga baya ya koma sau ɗaya, kuma zancensa duk na abinci ne: shayi da ƙwai biyu da safe, shinkafa da nama da rana, lemo bayan abinci, ga fanka, ga talabijin. A shekara talatin da takwas na aurensu bai taɓa kwatanta girkinta da irin muryar da yake kwatanta ƙwan nan ba.

Ranar Lahadi 5 ga Yuli, bayan an tashi sujada, ta je cibiyarku ta tsaya a bayan shingen waya ta hango shi. Ranka ya daɗe, da ƙyar ta gane mijinta. Wuyansa ya yi taiɓa, kumatunsa suna sheƙi. Ya jera sauran waɗanda aka killace, su bakwai, duka lafiyayyu irinsa, yana ba su faretin motsa jiki. An ce har sun naɗa shi shugaban marasa lafiya. Yana cikin ba da oda da muryar da ake ji har bakin titi sai ga wata nas ta gitta. Nan take ya dafe ƙirji ya yi tari sau biyu.

Saloma ta san wannan tari. Shi ne wanda yake yi duk ranar da Fasto ya nemi maza su fito aikin rufin majami'a. Tana so kwamiti ya rubuta a fayil cewa tarin ya girmi korona da shekara ashirin.

Ta kira shi ta ce ciyawa ta kusa cinye dawa. Ya amsa daga nesa cewa shi yanzu kayan gwamnati ne, sai abin da likita ya ce. Wannan shi ne mutumin da ya yi golmo, ya yi shekara bakwai yana noma a gonar mahaifinta kafin a ba shi ita. A kwana ashirin kun koya masa kwanciyar rana.

7. A kasuwa kuwa, tun ranar jiniya ake kiran kayanta daddawar korona. Matan da suka yi shekaru suna saye a wurinta yanzu sai su ja mayafi su rufe hanci su wuce, abin da ba su taɓa yi ba lokacin da akwai dalili. Har yau hancinta bai gama dawowa ba. Ta sake dafa kalwa sau biyu, ɗaya ta buɗe da wuri, ɗaya ta bari ta zarce, domin ba ta da yadda za ta gane ta nuna. Hanci ɗaya mai aiki da ya rage wa gidan yana cibiyarku yana shinshinar soyayyen ƙwai.

Saboda haka, cikin ladabi da biyayya, Uwargida Saloma Dawuda tana roƙon Mai Girma Shugaba ya sa a nemo sakamakon nan guda biyu, nata da nasa, duk inda suka yada zango. In Saje ya warke daga ciwon da bai taɓa ji ba, a sallame shi kafin ranar Litinin 20 ga Yuli, domin maimai ba zai jira ba, kuma ita kaɗai ta ƙarasa noman fari da sauran tari a ƙirjinta. A kawo shi ba tare da jiniya ba. Kafin nan a rage ƙwan zuwa ɗaya, don kada sauyin ya zo masa farat ɗaya.

Tana kuma roƙon a ba ta takarda mai hatimi da ke nuna ta warke, a aiko ma'aikaci ya karanta ta a layin masu daddawa ranar kasuwa, ya kuma yi wa jama'a bayanin cewa wanda ya warke ya warke. In ya ci tuwo da miyarta a gabansu, zai fi takardar amfani.

Na riga na rufe biro sai ta ce in ƙara wannan, kuma in rubuta yadda ta faɗa. Kafin a sako shi, likita ya sa abin sauraro ya duba ƙirjinsa da kyau, kada a tambaye shi, domin zai ce lafiya lau. Ciwon ƙarya ne kawai yake nunawa, na gaskiya ɓoyewa yake. Da ya dawo daga yaƙin Laberiya ya yi wata huɗu da ƙarfe a cinyarsa bai gaya wa kowa ba, sai da ta ga jini a wando. In an ga wani abu, ko ƙanƙani ne, ku riƙe shi, ku ba shi ƙwan duka biyu, gonar ta lalace. Ta ce kada a gaya masa ita ta faɗi haka.

Muna fatan Mai Girma Shugaba zai duba wannan kuka da idon rahama. Allah ya ja zamaninka, ya kawo mana ƙarshen wannan annoba.

Taka mai biyayya,

Saloma Dawuda
(dangwalen babban yatsan dama)

Wadda ta rubuta, ta karanta mata, ta kuma amince:
Joyce Michael,
Sakatariyar Zumuntar Mata, Rikoto, Zuru.