Kyamarar Farautar Barewa

Baba,

Gaisuwa mai yawa daga Dakota. Ya gwiwa? Ya ƙanwata Marlys?

Ni lafiya. An ɗan rage mana aiki a rijiyar mai, kada ka damu.

Ga kyamarar farauta na aiko, mai ɗaukar hoto da kanta idan barewa ta gifta. Iri bakwai na jera a littafina, na ɗauki mai araha, har yanzu ina shakka. Amma na gwada ta da sanyi, ta kwana biyu a firiza ba ta mutu ba.

Ka ɗaure ta a bishiya a dajin da kake farauta. Ranar Lahadi kaɗai za ka duba, tare da Marlys, domin warin mutum na korar barewa.

Na san za ka ce, "Gwiwata kake ji wa tsoro, ba wari ba." Gaskiya ne, Baba. Bara kwance aka tsince ka a dajin nan.

Allah ya tsare.

Ɗanka,
Arlen