Ƙusar da Ke Cikin Tirfo

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ni ne Yari ɗan Bawa, direba, na Sabon Birni. Ina rubuta wannan a watan Rajab, shekara ta biyu da damina ta juya mana baya. Ƙafafuna sun kumbura, abinci ba ya zama a cikina, amma hankalina yana nan daram, na san abin da nake faɗi. Takardar taku ce ku 'ya'yana uku, Amiru da Usmanu da Fadima. Wata bakwai ke nan Amiru bai gaisa da Usmanu ba, tun ranar da wayar jan mota ta tsinke a gulbi ta kashe Labbo, mijin Fadima. Wannan ne dalilin rubutun. Sauran maganar rakiya ce.

Na ɗaya. Gida da mota da gonar Tsamaye, malamai su raba yadda Allah Ya ce, uwarku Tani ta karɓi tumuninta. Gonar Gangara kuwa na fitar da ita cikin sulusi, ta marayun Labbo ce. Yanzu ko kara babu a cikinta, amma ƙasa ba ta ruɓewa.

Na biyu. Tirfo, ƙarfen nan da muke jan mota da shi da hannu in ta kafe, na yi wakafinsa don Allah. Ba a sayarwa, ba a rabawa. Duk wanda rairayi ya riƙe tsakanin nan da garin Isa a je a fidda shi, ko wane ne. Na san Amiru da son tirfon, tun yana yaro yake shafa shi kamar ɗan maraƙi. To, ba nasa ba ne, ba na Usmanu ba ne. Mutum biyu yake ci, ɗaya a kan hannu, ɗaya yana kallon waya. Ƙarfe ɗaya ba ya amo.

A Maraɗi na saye shi a shekarar fari na farko, lokacin da muke kai hatsi ƙauyuka da tsohuwar Landirofa. Na kwana uku ina zagaya kasuwa. In wata rana ya mutu kuka tashi sayen wani, ku karanta lambar nauyin da aka buga a jikinsa, ku ɗauki wanda ya fi ƙarfin motarku da kayanta, ba motar wofi ba, domin rairayi ma yana ja nasa. Kada ku kalli fenti. Ku sa waya ku ja a gaban mai shago, in haƙoransa na ciki suna zamewa ku ajiye masa abinsa. Wayar kuma ta zama tasa ta asali, kaurinta daidai da bakinsa. Araha ba ta ado.

Na uku. Duk ranar da ya yi aiki, a wanke shi da kananzir, a zuba masa man inji har ya ɗiga. A bi waya da tsumma daga ƙugiya zuwa wutsiya. Inda tsumma ya maƙale, zare ya karye a nan, in wuraren sun yi yawa wayar ta gama. A naɗe ta da faɗi, kada ta lanƙwashe. Kafin ja, a haƙe gaban tayoyi, a rage musu iska, a jefa buhu a kan waya, kowa ya kauce daga layinta. Da can itatuwan gawo muke ɗaure wa. Yanzu an sassare su an ba dabbobi, dabbobin ma sun mutu. Sai ku haƙa rami zuwa ƙugu, ku binne safaya taya, ku ɗaura a jikinta. Bana hannun kowa ya saba da haƙa rami.

Na huɗu. A gindin hannun tirfo akwai wani ɗan fil na ƙarfe mai taushi. Da gangan aka yi shi rago. In nauyi ya wuce kima, shi ne yake karyewa don waya ta tsira. Kada ku sa komai a gurbinsa sai irinsa. In babu, motar ta kwana a gulbi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mako uku kafin mutuwar Labbo, fil na ƙarshe ya karye mini a hanyar Tozai. Iyaka a rufe, ba damar zuwa Maraɗi. Na ɗauki ƙusa inci shida na buga a wurin, na ce kafin in samo. Ban gaya wa kowa ba, domin ni kaɗai nake taɓa cikin tirfo. Ranar da muka kafe da buhun masara ashirin, Usmanu yana kan hannu, Labbo yana tura zana ƙarƙashin taya. Ƙusa ba ta karye ba. Waya ce ta karye.

Amiru, Labbo amininka ne tun kafin ya zama surukina, shi ya sa ka ce a gaban mutane Usmanu ne ya kashe shi da gaggawa da ƙarfin tsiya. Ina tsaye na ji ka. Bayan an ɗauke gawa na zare ƙusar na sa a aljihu. Tana cikin akwatina, ƙarƙashin lasin, ta lanƙwashe a tsakiya. Ku duba.

Usmanu, ka yi azumin kaffara wata biyu a jere, kana buɗe baki da kunun masara tsararo, ina kallonka kana ramewa. Azumina ka yi. Kullum da safe nakan ce yau za ni faɗa, rana ta faɗi ban faɗa ba. Tsoro ne. Ban yi kuka ba ranar, ban yi ba bayanta. Ko yanzu da nake rubutawa ba na jin komai, kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta. Ku tambayi liman abin da ya hau kaina tunda ba ni iya azumi, abin da ya ce ku yi.

Fadima, ɗiyata, ke kike kawo mini fura kullum, ina karɓa da hannun da ya buga ƙusar. Ba ni da bakin roƙonki. In kin yafe, don Allah kika yi. In kin kasa, ban ga laifinki ba.

Na biyar. A karanta wannan takarda kafin a ɗauke ni, ba bayan sadakar uku ba. Zanar da kuka gitta a tsakar gida a cire ta, uwarku ta gaji da kai tuwo gida biyu a gida ɗaya. Fushin da kuke yi da juna nawa ne, ku maido mini abina.

Allah Ya yi muku albarka, Ya raya marayun Labbo, Ya jiƙansa, Ya saukar muku da ruwa. Ku riƙe uwarku, ku riƙe Fadima, kada gidan nan ya watse. In an kai ni, kada wani ya shiga kabarina sai ku biyu, Amiru ya kama kai, Usmanu ya kama ƙafa. Ko ba ku yafe mini ba, ku sauke ni tare.