Ni Na Toshe Indararon, Marigayi Ake Zargi

Anti Lauratu, don girman Allah ki taimake ni. Abin nan ya hana ni cin abinci, kuma a unguwarmu Sabo, nan Ibadan, in ka faɗa wa mutum ɗaya magana, kafin la'asar ta kai unguwar Mokola.

Mijina Labaran ya rasu wata tara ke nan. Gidanmu rufin dekin ne na kankare, ya zuba shi da niyyar ɗora bene, Allah bai nufa ba. Ni sana'ata yaji da busasshiyar kuɓewa, a saman nan nake shanya. Da ya lura ina jin kunyar hawa saboda masu wucewa suna hango ni, sai ya kewaye saman da katanga, shi da hannunsa, ranakun Lahadi, alhali albasa yake sayarwa a kasuwar Bodija, bai taɓa aikin birkila ba. Ya bar indararo biyu, wai haka soron gidansu yake a Kano. Duk ruwan da aka yi kuma sai ya hau da tsintsiya ya kore wanda ya kwanta.

Ɗaya indararon a ƙofar maƙwabciyata Iya Sakinat yake zuba. Yana raye ba ta taɓa cewa uffan ba. Ina cikin takaba damina ta faɗi, kullum sai ta zo tana ɗaga murya da Yarabanci a ƙofata, ni kuwa ban da kuka ba abin da nake iyawa. Ran nan na gaji, na hau na cusa tsumma da leda a ciki, na kwaɓa ragowar siminti na shafe bakin. Wallahi zaman lafiya kawai nake nema.

Yanzu saman nan kududdufi ne. Ruwa yakan kai idon sawu, ya yi kwana uku bai tafi ba, ga gansakuka, ga sauro. Ɗakin 'yata Radiyya yana yoyo, shekaranjiya wani guntun siminti ya faɗo dab da katifarta, har rodi na hango ya yi tsatsa.

Hashim, ƙanin mijina, ya leƙa daga matakala, ya ce ai karambanin Labaran ne ya jawo, ƙarshen wata zai kawo ma'aikata su rushe katangar. Ina tsaye ya faɗa, ban gaya masa ni na toshe indararon ba. Yanzu har mata masu sayen yaji haka suke faɗa. Anti, na bar mamaci yana ɗaukar laifina! Ina tsoron Hashim, mutum ne mai zafi, zai ce na lalata wa marayun wansa gida. Katangar kuma, duk da karkacewarta, ita kaɗai ce wurin da nake ganin aikin hannunsa. In aka rushe ta ban san yadda zan yi da raina ba. Yaya zan yi?

Mai kuka a ɓoye, Sabo, Ibadan.

AMSA

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Malam Labaran, ya ba ki haƙuri.

Kafin komai, ki fitar da Radiyya daga ɗakin nan yau ɗin nan. Dekin da ya fara zubar da siminti ba abin wasa ba ne. Sannan a sa kurfi da guduma a buɗe indararon, kar a jira wani ruwan.

Kin yi kuskure, ba zan ɓoye miki ba, amma kuskuren mace ne mai takaba da aka tsaya wa a ƙofa. Hashim ma bai yi ƙarya gaba ɗaya ba: indararo biyu lissafin ruwan Kano ne, ba na Ibadan ba, tsintsiyar mijinki ce take cike giɓin. Iya Sakinat kuwa, ba wanda yake son ruwan wani a bakin ƙofarsa. A haɗa wa indararon bututu ya bi jikin bango ya sauka cikin kwata, rigimarku ta ƙare.

A mafi yawan lokaci ba sai an rushe irin wannan katanga ba. Akan huda ta a ƙara mafita biyu ko uku, in rani ya yi a shafe saman da siminti a ba shi gangare. Amma ku kira wanda ya san aikin dekin ya duba rodin. In ya ce dole wani sashe ya sauka, ki daure ki yarda, ran 'yarki ya fi bulo.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai Hashim ya san abin da ya faru. Ki samu babbar mace a dangin da yake jin nauyinta, ki faɗa a gabanta. Zai yi faɗa, faɗan kwana biyu ne. Labaran ba zai tashi ya kare kansa ba, kuma duk duniya ke kaɗai ce za ki iya wanke shi. Kar ki bari ƙarshen wata ya same ki da wannan shirun.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya raya marayunki cikin albarka.

Anti Lauratu