Sa Ɗaya, Fata Biyu: Kukan Yahanasu Kan Ɗanta Badaru

Zuwa ga: Mai Girma Razdan, Lardin Katsina.
Daga: Yahanasu, mahaifiyar Badaru mahauci, Dabawa, ƙasar Dutsin-Ma.
Ranar 18 ga Agusta, 1958.

Game da: Azabar da Kofur Jibo ya gana wa Badaru har ya amsa laifin da bai yi ba.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, ni Malam Sa'idu, mai rubuta wa jama'a takarda a bakin kasuwar Dutsin-Ma, na rubuta wannan da yawun tsohuwar da sunanta ke sama. Ita ba ta yi karatun boko ba, ɗanta kuwa yana kurkuku. Ga kukanta.

1. Ranar 9 ga Yuni, farin san huɗa na Alhaji Tukur na Dabawa ya tsinke igiya ya ɓace. Aka turo Kofur Jibo, ɗan doka mai bincike. Bai bi sawu ba, bai tambayi inda aka sayo san ba. Abin da ya tambaya kawai shi ne wane ne mahaucin garin. Iyakar binciken ke nan, ranka ya daɗe. Aka tasa ƙeyar Badaru zuwa Dutsin-Ma.

2. A can aka ɗaure masa hannu ta baya, aka rataye shi a azara, aka hana shi ruwa. Da ya dage bai sata ba, Kofur ya jera masa ƙirare tsakanin yatsun hannun dama ya matse da igiya, ya tura masa hayaƙin barkono. Yahanasu na zaune a waje da ƙwaryar fura, tana jin ihun ɗanta, ba ta da ikon ɗaga ko yatsa. A kwana na uku Badaru ya ce shi ya sace san, ya yanka, ya sayar. Wallahi da an ce masa shi ya kashe ubansa, da ya amsa.

3. Kofur ya nemi fata. Badaru ya nuna wata farar fata da ke shanye a bayan gidansa, ta tsohuwar saniyar da ya yanka da rana tsaka gaban Sarkin Pawa. Sarkin Pawa ya nemi ya ba da shaida, aka ce wanda ya amsa da bakinsa ba ya bukatar shaida. Ranar 23 ga Yuni aka ɗaure Badaru shekara guda, aka ajiye fatar a sito da sunansa a jiki.

4. Ranar 20 ga Yuli, sai ga Bafillacen da ya sayar wa Alhaji san, daga wata ruga wajen Kurfi, yana janye da farin san da igiya. Ashe garkensu ya koma, yadda sabon sa ya saba yi, labarin cigiya ne bai isa rugar da wuri ba. Alhaji Tukur ya gane abinsa, ya shaida haka a ƙofar masallaci. Subhanallahi! San da aka yanka, aka feɗe, aka sayar, ga shi yana jan garma a Dabawa da fatarsa a jiki.

5. Tun ranar tsohuwar nan take sintiri a ƙafa, cikin ruwa da taɓo. A nan a ce ta je can, a can a ce babban mutum ya fita rangadi. Da ta matsa, aka ce mata ɓarawo ba ya faɗin gaskiya sai an matse shi, kuma in aka hukunta Kofur, sauran 'yan doka za su naɗe hannu ɓarayi su cinye ƙasa. Cikin ladabi muke tambaya: wace gaskiya matsar ta fitar? Ƙarya ta fitar, kuma saboda ita aka daina cigiyar san. Kofur dai an mayar da shi wajen Kurfi, yana can da kulkinsa yana bincike.

6. Makon jiya aka bar ta ta ga ɗanta. Yatsunsa uku sun yi baƙi, suna ruwa, suna wari. Mutumin da ke feɗe sa shi kaɗai ya kasa riƙe ludayi, ita ta ba shi fura a baki kamar jinjiri. Likita bai duba shi ba har yau.

Saboda haka muna roƙon Mai Girma, don Allah don Annabi, ya sa a kai Badaru asibiti tun hannun bai ruɓe ba; a sake shi, a wanke sunansa a bainar jama'a; a kuma gurfanar da Kofur Jibo gaban shari'a kamar kowane talaka, don kaki bai halatta abin da Allah ya haramta ba. In ana shakka, a turo mutum ya duba fatar da ke sito, sannan ya je Dabawa ya shafa wadda ke jikin san.

Da na karanta mata takardar, Yahanasu ta roƙe ni in ƙara magana ɗaya. Ta ce san Alhaji ya dawo gida ko ƙwarzane babu, ita ma a dawo mata da nata tun yana da hannu biyu.

Allah ya ja zamanin Mai Girma, ya sa ya duba mu da idon rahama.

Mai tawali'u da biyayya,
Yahanasu Dabawa (ta dangwala yatsa)
Wanda ya rubuta: Malam Sa'idu, Dutsin-Ma